Gonar inabi a Ingila, inda mai abinci ke cewa kada ka ci wannan

Gonakin inabi a Birtaniya yanzu sun haura 1,000, kuma mafi yawansu suna kudancin Ingila ne, a Kent da Sussex da Surrey da Hampshire. Kusan dukkansu na giya ne. Duk da haka mutanenmu da ke aiki ko karatu a nan sukan tsinci kansu a ciki, domin can ofisoshi ke kai ma'aikata yawon shekara, can kuma abokan aiki ke yin bikin aure. Hukuncin giya da na zama a teburin da ake shanta ba baƙo ba ne ga kowa a gida, ba sai na tsaya a kansa ba. Abin da ya kamata mai zuwa ya sani shi ne tikitin yakan haɗa abu uku: zagayen gona, ɗanɗana giya kala uku zuwa biyar, da abincin rana. Gonaki da yawa suna sayar da su a rarrabe, saboda haka mutum na iya ɗaukar zagayen da abincin, ya bar ɗakin ɗanɗanon ga masu shi.

Abincin nan ne ya sa ni wannan rubutu, ba kuma don daɗinsa ba.

Tun wajen yin rajista a intanet akwai gurbin da za ka rubuta abin da ba ka ci. Doka ta wajabta wa duk mai sayar da abinci ya iya gaya maka ko girkinsa na ɗauke da ɗaya daga cikin abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da ciwo, irin su gyaɗa, riɗi, madara, ƙwai, kifi, alkama da waken suya. Giya da naman alade ba sa cikin jerin. To amma tunda kicin yakan rubuta abin da ya shiga kowace tukunya, amsar takan kasance a rubuce. Ka ce wa yarinyar da ke kawo abinci ba ka ta'ammali da barasa ko alade, sai ta ɗauko fayil ta buɗe a gabanka. Abin da ba ta gani a ciki ba, ta shiga kicin ta tambayo. Ta dawo ta ce: romon da ke kan kifin nan da farar giya aka haɗa shi, kada ka ci. Albasar da ke gefen naman an dafa ta da jar giya. Kayan zaƙin nan mai santsi akwai sinadarin da ake samu daga fatar alade. Kazar ba yankan Musulmi ba ce. Tana faɗa tana sane da cewa ta sauke ka daga farantin fam ashirin da wani abu zuwa miyar ganye da burodi. Ba ta ce maka wuta ta ƙone barasar ba, kuma da ta faɗa da ba gaskiya ba ne, domin dafuwa tana rage barasa ne, ba ta kawar da ita duka.

Wallahi wannan abu yana taɓa zuciya, kuma yana da ciwo. Mu ne muka tashi da hadisin da Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji lema a ƙasa, ya ce wanda ya yi ha'inci ba ya cikinmu. Amma ka tambayi mai abinci a gida ko akwai gyaɗa a miya saboda yaronka ba ya jurewa, amsar ita ce "ba komai, Alhaji, ci kawai". Mai zuma ya rantse ba sukari. Mai manja ya san an zuba kala, mai ayaba ya san da kabaid aka nuna ta, kowa ya yi gum. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin wanda ake zubawa a buhu don kashe ƙwaro. Waken da aka ƙi karɓa a waje, shi muke ci a ƙosai da alale.

Kada a ce Turawan nan waliyyai ne. Tsoron doka na aiki. Jami'in ƙaramar hukuma yana shiga kicin ba sanarwa, ya duba firji da takardu, ya ba da maki daga 0 zuwa 5, kuma kowa na iya duba makin a intanet kafin ya je. A 2016 wata yarinya 'yar shekara 15 ta rasu bayan ta ci burodin da ke da riɗi ba a rubuta a jikin ledar ba. Iyayenta ba su ce ƙaddara ce suka yi shiru ba, sun bi maganar har aka sauya doka a 2021. Mu da mun yi ta'aziyya, an yi sadakar uku, mai shago ya buɗe washegari.

Irin wannan rubutun na kicin shi ne a cikin gonar ma. Kowane layi na da lamba a jikin turken farko, da sunan iri: Chardonnay, Pinot Noir, Pinot Meunier, ko Bacchus. Tsakanin layi da layi ya ɗan haura mita 2 don ƙaramar tarakta ta wuce, tsakanin kuranga da kuranga wajen mita 1, wato kuranga 4,000 zuwa 5,000 a hekta. Kowace aure aka yi mata a kan saiwar inabin Amurka, saboda wani ƙaramin ƙwaro mai cin saiwa da ya halaka gonakin Faransa a ƙarni na 19. Ba a samun amfanin kirki sai shekara ta uku. Ana aske rassa da hunturu, daga Disamba zuwa Maris, a bar reshe ɗaya ko biyu a kwantar a kan waya. Ana son gangare mai kallon kudu don ya sha rana, da ƙasa mai alli irin ta yankin Champagne na Faransa, domin ba ta riƙe ruwa a sama. Wannan ƙasar ce ta sa kamfanin Taittinger na Faransa ya sayi fili a Kent a 2015.

Babban abin tsoronsu daren Afrilu ne. Toho ya fito, sama ta washe, iska ta kwanta, sanyi ya sauka ƙasa da sifiri, raɓa ta daskare a kan tohon ya ƙone. Don haka suke sa ma'aunin sanyi a kwari, mai buga wa manomi waya. Da ya buga, ko ƙarfe biyu na dare ne, a fito a kunna ɗaruruwan manyan kyandira na gwangwani a tsakanin layuka, ko a tayar da fanka mai jawo iska mai ɗumi daga sama. A Afrilun 2017 sanyin ya yi ɓarna sosai duk da haka. Bayansa sai ruwan bazara mai kawo fumfuna a ganye da ruɓa a nonon inabi, shi ya sa ake cire ganyen da ke rufe 'ya'yan don iska ta ratsa. Kowane feshi ana rubuta ranarsa da sunan maganin da adadinsa da kwanakin da dole a jira kafin girbi. A 2012 damina ta lalata yabanya har gonar Nyetimber ta Sussex ta ƙi yin komai da inabin shekarar, ta haƙura da kuɗin gaba ɗaya maimakon ta sa sunanta a kan kaya mara kyau.

Sai dai fa inabin nasu ba na ci ba ne. Ƙanana ne, ga kauri a ɓawo, ga ƙwallaye, ga tsami, domin tsamin ake nema. Duk wanda ya taɓa cin inabin Kudan ta jihar Kaduna, na wajen Hunƙuyi, wanda ya sha ranar rani ya yi zaƙi, zai tsaya a gonar Kent ya ji kewar gida ta kama shi. Rana muke da ita kyauta, ba ma kunna kyandir don kare toho. Abin da manominmu zai ɗauka a nan bai kai kuɗin buhun taki ba: lamba a kowane layi, littafi ɗaya na feshi da taki da nauyin abin da layin ya bayar, da bin kwanakin jira da ke rubuce a jikin kwalbar magani. Sannan ya lura da cewa Baturen nan ba ya jiran dillali. Gona ɗaya yana sayar da amfaninta, yana sayar da kallonta, yana sayar da abinci a cikinta, ga shago a bakin ƙofa. Daga Zariya zuwa Kudan ba nisa, kuma iyalai da 'yan makaranta za su biya don su ga inabi a jikin kuranga su sha matsattsensa mai sanyi.

Abubuwan haushi kuwa suna nan. Zagaye da ɗanɗano kaɗai kan kama fam 20 zuwa 35, idan da abinci ya ninka, kuma wasu gonakin kuɗi ɗaya suke karɓa ko kana sha ko ba ka sha, su ba ka ruwan tuffa kofi ɗaya su ce an biya ka. Wannan ba adalci ba ne. A tambaya tun kafin a biya ko suna da tikitin direba, wato na wanda ba zai sha giya ba, yakan fi sauƙi. Abincin sau da yawa sanyi ƙalau: burodi, cuku kala uku, ganye, da yankakken nama wanda galibi alade ne a kan katako ɗaya da cukun, saboda haka a nemi a raba tun daga kicin. Babu yaji, babu maiƙo, mutum ya tashi kamar bai ci ba, yana tunanin tuwo da miyar kuka. A ƙasan rasit za a ga an ƙara kashi 10 ko 12.5 cikin ɗari na hidima. Ba dole ba ne, ana iya cewa a cire, ko da yake wadda ta shiga kicin sau biyu dominka ta cancanta. Ruwan famfo kyauta ne a duk inda ake sayar da barasa, amma sai ka ambace shi da sunansa, in ba haka ba na kwalba za a kawo a sa a lissafi.

Wurare da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi, kati kawai. Idan ka makara minti goma an tafi an bar ka, kuma kuɗin ba ya dawowa. Mafi yawan gonakin suna ƙauye inda bas ba ya zuwa ko yake zuwa jefi-jefi, dole a yi odar tasi tun kafin a sauka daga jirgin ƙasa, har da ta dawowa. Denbies da ke Dorking a Surrey, mai eka 265, ta fi sauƙi: kusan awa ɗaya a jirgi daga Landan, daga tasha a taka da ƙafa, kuma akwai hanyoyin ƙafa na jama'a da suka ratsa gonar waɗanda ba a biyan ko sisi. Biddenden ta Kent kuma tana matse ruwan tuffa mara barasa, amma a karanta kwalba da kyau domin suna yin mai barasar ma. Ɗakin salla babu, a tafi da darduma da alwala, a nemi gefen fili. A sa takalmi mai rufi saboda taɓo, a riƙe rigar ruwa ko da a Yuli ne. Mai son ganin aiki da idonsa ya je daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, lokacin da ake yanka da almakashi ana zubawa a ƙananan kiret don kada na sama ya danne na ƙasa ya fashe.