Parazon ko ruwan khal: wanne za a sa wa funfunar katakon sida?

Hajiya, kin ce bayan ruwan watan Yuni kin buɗe wadrob ɗinki a unguwar Aboabo ta Kumasi kin tarar funfuna ta yi fari-fari a jikin katakon sida (cedar, katakon nan mai ƙamshi) na ciki, har wari ya kama atamfofi. Tsakanin parazon da ruwan khal, ni khal zan ce ki ɗauka.

Parazon, wato bilic ɗin wanki, shi ke saurin burge ido, kina shafawa tabo ya ɓace. Illarsa tana zuwa daga baya. Kulorin da ke cikinsa yana cin abin da ke riƙe zaren katako, fuskar ta tashi gashi-gashi, jan launin nan ya koɗe ya bar dabbare-dabbare. Kuma mafi yawansa ruwa ne, sida kuwa katako ne mai laushi mai shan ruwa. Sama ta yi fes, ciki ya jiƙe, funfunar ta sami abin da take so. A tayil ɗin banɗaki ba ni da ja da shi.

Farin khal na girki, mai tsamin kashi 5 cikin 100, a hankali yake aiki, amma ba ya ƙona launi. Ki kwashe kaya, ki buɗe taga, ki sa takunkumi, ki share funfunar da buroshi mai laushi. Ki haɗa khal da ruwa daidai wa daida, ki tsoma tsumma ki matse shi tas, ki gwada a lungu tukuna, sannan ki goga kina bin layin katakon. Bayan kamar awa ɗaya ki bi da busasshen tsumma, ki kunna fanka. Kada ki fitar da wadrob ɗin rana, zai iya tsagewa. Kada soson ƙarfe ya taɓa wurin, don ƙarfe da khal suna baƙanta katako.

Don Allah kada a haɗa parazon da khal a bokiti ɗaya, ko a shafa ɗaya bayan ɗaya. Hayaƙin kulorin suke fitarwa, yana shaƙe mutum.

In tabo ya rage, ki sa samfefa mai lamba 220, a hankali. Kafintocin Sokoban, kasuwar katako ta Kumasi, sun san ta. Ita ce ma ke dawo da ƙamshin, shi ya sa ban so a shafa wa cikin banish, toshe shi yake yi.

Sai ki leƙa bayan wadrob ɗin. Damina biyu muke yi a Kumasi, ta biyun tana tafe a Satumba, bango kuma yana riƙe danshi. Ki janye shi tazarar tafin hannu, ki ajiye gawayi a kwano a ƙasansa, kuma kayan da ba su bushe sarai ba su kwana a igiya.