Cibiyar karɓar jini da na ziyarta a Ikeja: tantancewa mai kyau, amma babu tafinta

A watan da ya gabata na raka wani maƙwabcina daga Agege zuwa wata cibiyar karɓar jini a ɓangaren Ikeja da ke Legas, domin matarsa ta kusa haihuwa kuma likita ya ce jininta ya yi ƙasa. Tunda na je, ni ma na miƙa hannu.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba a yi gaggawar soka mini allura ba. An auna nauyina, domin ba sa karɓa daga wanda bai kai kilo 50 ba, aka duba hawan jini, sannan aka ɗiga jinin yatsana don ganin ko ina da isasshe. Ma'aikaciyar jinyar ta yage sabuwar allura daga ledarta a gabana, kuma cikin kusan minti 10 leda guda ta cika, wato mililita 450. Ta bayyana mini cewa ba za a ƙara wa kowa wannan jinin ba sai an gwada shi kan ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanada.

Wannan gwajin ba ƙaramin abu ba ne a ƙasarmu. Binciken da gwamnatin tarayya ta gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 8.1 cikin ɗari na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, alhali masu ƙanjamau ba su kai kashi 2 ba, kuma mutum yakan yi shekaru da ƙwayar a jikinsa yana harkokinsa lafiya lau. Maƙwabcina yana cikin masu ciwon hantar, bai sani ba sai da sakamakon ya fito. An kira shi ɗaki shi kaɗai, aka ce masa: "Malam, ka kwantar da hankalinka, akwai kulawar da ake yi," aka ba shi takardar ganin likita tare da shawarar a gwada iyalinsa. Wannan rufin asirin ya sa na ƙara ganin mutuncin wurin.

Inda suka gaza shi ne takardar tambayoyi. Da Turanci take, babu mai fassarawa, sai ni na zauna ina karanta wa wasu 'yan kasuwa biyu daga Mile 12. Tambayoyin nan su ne katangar farko, domin ƙwayar da ta shiga jiki kwanan nan tana iya ɓoye wa gwaji na wasu makonni. Mutumin da baƙo ke karanta masa tambaya kan sirrinsa kunya ba za ta bar shi ya faɗi gaskiya ba. Bugu da ƙari, takardar ta yi tambaya kan zanen jiki, amma ba ta ambaci askar wanzami, ƙaho, ko masu yankan farce na bakin titi ba, waɗanda su ne mutanenmu suka fi cuɗanya da su.

Na rubuta musu wannan ƙorafin a akwatin shawarwari, kuma zan koma bayan wata uku kamar yadda suka ce.