MySQL Workbench da batun ƙafar hankaka, ga yadda na ga ɓangaren zanensa

Duk mai zana databes da MySQL Workbench ya san tambayoyin nan, ko shi ya yi su ko an yi masa: me ya sa zanena bai yi kama da na malam ba, ina ƙafar hankakar ta shige, ya aka yi teburan suka fito babu layi ko ɗaya a tsakaninsu. Ni dai a ganina manhajar tana aikinta yadda ya kamata kuma ina son ta sosai, abin da ke rikita mutane shi ne saitin yadda zane ke fitowa an raba shi gida uku, sai mutum ya lalubo da kansa.

Manhajar kyauta ce, tana hannun Oracle tun da suka sayi Sun a 2010, ita kuma Sun ta sayi MySQL a 2008, asalinta daga DBDesigner4 ta samo tushe. Tana hawa Windows da Linux da Mac, aikinka kuma yana zama a fayil mai ƙarewa da .mwb.

Gida na farko yana cikin menu na Model, akwai Object Notation da Relationship Notation. Na farkon shi ke da iko da kamannin akwatin tebur, na biyun kuma layukan da ke haɗa su. Kuma fa idan ba a shafin EER Diagram, wato shafin zanen, kake tsaye ba, dukkansu biyun a dushe za ka gan su ba sa dannuwa, mutane da yawa a nan suke cewa ai manhajar ta lalace har su goge su sake ɗorawa, alhali danna shafin zanen kawai za ka yi su dawo. A ɓangaren layuka zaɓi biyar ne, Crow's Foot, wato ƙafar hankaka, layi mai yatsu uku a ƙarshensa, wanda da shi take zuwa, sai Classic, Connect to Columns, UML da IDEF1X. To idan ka buɗe fayil ɗin wani ka ga ɗan lu'ulu'u a tsakiyar layi maimakon yatsu ukun nan, babu abin da ya ɓaci, Classic ya zaɓa kuma zaɓin yana bin fayil ɗin duk inda aka kai shi. Amma in ka rufe manhajar ka sake buɗewa ka fara sabon aiki, komawa take kan nata na asali, haka ma takardun bayanin manhajar suka faɗa, kuma gaskiya wannan da an gyara shi da ya fi, mutum ya zaɓa sau ɗaya ya huta.

Wanda na fi ƙauna a cikinsu Connect to Columns ne, don layin ba a gefen akwati kawai yake tsayawa ba, daga ainihin kolum ɗin yake tashi ya sauka a kan ɗan uwansa, sai ka ga student_id na teburin sakamako ya tafi kai tsaye ya kama id na teburin ɗalibai, wanda bai taɓa ganin databes ɗin ba ma zai gane. Shawara ɗaya dai, ka zaɓi salonka tun kafin ka fara jera tebura, don in ka gama tsara arba'in ko hamsin sannan ka canza Object Notation girman akwatunan zai sauya, komai ya hau kan juna.

Gida na biyu a jikin layin kansa yake. Ka danna shi sau biyu za ka ga Visibility, akwai Fully Visible, Draw Split da Hide. Draw Split yana yanke tsakiyar layin ya bar kai da ƙarshe, yana da amfani ƙwarai idan tebur ɗaya kamar na users kowa na jingine da shi. Layi ɗaya ya ɓace sauran suna nan? Nan za ka fara dubawa.

Na uku Edit, Preferences, Modeling, Diagram, inda ake cewa a nuna nau'in kolum ko a ɓoye, a nuna rubutun kan layi, da iyakar kolum nawa za su fito a tebur. Sannan kowane aiki yana da nasa Model Options, in an cire alamar bin saitin gaba ɗaya to duk abin da ka canza a Preferences ba zai taɓa shi ba.

Sai babbar maganar, wadda ita ta sa nake girmama manhajar nan. Ka yi Reverse Engineer, wato ka jawo zane daga databes ɗin da kake da shi, teburan sun fito tsaf amma babu layi sam, ka juya duk saitin da ke sama babu canji. Malam, ba saiti ba ne, databes ɗinka ne ba shi da foren ki, wato makullin da ke ɗaure kolum na wani tebur da na wani. Ko dai teburan MyISAM ne, injin ajiyar tebur na MySQL wanda ba ya riƙe foren ki ko ka rubuta masa, ko kuma InnoDB ne, injin da ke riƙe shi, amma ba a taɓa ɗaura alaƙar ba, sunan kolum kawai aka yi iri ɗaya ana haɗawa a cikin PHP. InnoDB ya zama na asali tun MySQL 5.5, amma tsofaffin ayyuka da ake gada har yanzu cike suke da MyISAM. Workbench ba ya ƙirƙiro layi don ya faranta maka, abin da ke ƙasa shi yake zanawa, kuma wallahi gara ka ji zafin ganin zane tsirara yau da a wayi gari an goge ɗalibi sakamakonsa na nan yana yawo babu mai shi. Ka mai da teburan InnoDB, ka ɗaura makullan, ka sake jawowa. Layin da ya fito a tsittsinke shi ma ba kuskure ba ne, yana nufin makullin teburin da ake jingina da shi, wato uwar, ba ya cikin babban makullin (primary key) teburin da ya jingina, wato ɗan, in yana ciki ne layin ke fitowa a haɗe.

Inda ba za ta yi maka ba kuwa shi ne salon Peter Chen na 1976, mai ƙwai-ƙwai ɗin nan da lu'ulu'u ɗauke da sunan alaƙa, wanda malamai da yawa ke koyarwa da shi. Babu shi a ciki, Classic ma ba shi ba ne duk da ɗan kamannin, don haka in sufabaiza ya ce Chen yake so a furojet sai ka nufi draw.io ka zana da hannu. Masu XAMPP kuma, manhajar da ke mai da kwamfutarka saba, MariaDB ne a cikinsa, wani reshe da ya fita daga MySQL, shi ya sa gargaɗi ke fitowa lokacin haɗawa, ana iya cewa a ci gaba.

Wajen fitar da zane don Allah a daina sikirinshot, a File, Export akwai PNG da SVG da PDF, SVG ko PDF ɗin ko an buga a babbar takarda rubutun ba ya fashewa.