Yaɓen ƙasa ko siminti a Birnin Damagaram?

A Birni, kusa da fadar Sarkin Damagaram, mai tsohon soro na da zaɓi biyu kafin damina: yaɓen ƙasa da makuba (haɗin ɓawon ɗorawa mai kare bango daga ruwa), ko siminti.

Siminti na burge ido, amma bangon ƙasa ba ya shan iska a ƙarƙashinsa. Ruwa ya shiga ta tsaga, tubali ya jiƙe, wata rana sai ɓawon simintin ya zubo da rabin bango. Na gani a lungunmu, inda leda ta toshe magudana, ruwa ya ci gindin ɗakin wata tsohuwa.

Yaɓen ƙasa kuwa sai an riƙa sabuntawa, magina kuma sun yi ƙaranci. Duk da haka shi na zaɓa, don talaka na iya kiran gayya a yaɓe masa, siminti kuwa sai da kuɗi a hannu.