Manhajar bankin da ke faɗa mini abin da ake ciki tun daga bakin ƙofa

Sana'ata albasa. Ina saye a Goronyo da Wurno, in yi lodi zuwa Mile 12 a Legas, kuɗina kuwa ta waya suke dawowa. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, manomin da bai yarda da komai ba sai tsaba shi ma ya koyi cewa "turo ta asusu". Don haka manhajar banki ta zamar mini ƙofar shago, a rana nakan buɗe ta sau ashirin.

Tsohon bankina ba ya magana. Ka sa lambar sirri, abu ya yi ta juyawa, sai jan rubutu ya fito wai an samu matsala. Ta mene ne? Ni na yi kuskure, ko sabis ne, ko su ne suka kwanta? Oho. A Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke, har wurin mai gyara na kai wayata, na ɗauka ita ce ta lalace. Wata Juma'a kuma na yi ta maimaita lamba har aka kulle ni, direba na tsaye a kasuwar Kara yana jiran kuɗin mai. Sai Litinin na samu kaina.

Manhajar bankin da na koma wata bakwai da suka wuce ba ta fi waccan sauri ba, amma tana da baki. In na yi kuskuren lamba, sai ta ce saura gwaji 2 kafin a rufe, ni kuwa sai in ajiye wayar in natsu. In datata ce ta ƙare, haka za ta ce, ba ta ɗora wa kowa laifi. In za su yi gyara cikin dare, tun da rana sanarwa na nan a shafin shiga, daga ƙarfe 12 zuwa 4, sai in sallami mutanena kafin isha'i.

Abin da ya fi burge ni shi ne lambar nan ta tabbatarwa mai alƙaluma 6 da ake turowa ta saƙon waya. Manhajar tana nuna ƙarshen layin da aka tura wa, da agogo yana ƙirga mintunan da suka rage. Wanda bai taɓa tsayawa a fadama yana ɗaga waya sama ba, ba zai san amfanin wannan ba. Saƙo kan makara a can, kuma in ka yi gaggawar neman sabuwa, ta farkon ta mutu, ka shiga zagaye. Da agogon na san lokacin jira.

Aibinta biyu, kuma manya ne. Komai da Turanci. Kawuna, wanda ya koya mini wannan sana'a, kullum sai ya miƙo mini waya: "Ɗana, duba man, mi tac ce kuma?" In ce, "Kawu, cewa ta yi kada ku ba kowa lambar da aka turo, ko da ya ce daga banki yake." Gargaɗin da ya fi kowane muhimmanci ke nan, an rubuta shi da ƙananan haruffa cikin harshen da ba ya ji, alhali irinsa 'yan damfara ke kira su nemi BVN, wato lambar shaidar mai asusun banki.

Na biyu talla. Kafin in ga kuɗina sai na kori tallar bashi da ta katin waya. Hannu ya saba da korewa, har wata rana na kore sanarwar sabunta bayanan NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ban karanta ba. Sai da aka rage mini adadin da zan iya turawa na gane, ranar kuwa buhu 80 ke jirana a Wurno.

Na rubuta musu a wurin ƙorafi cewa su raba launin talla da na gargaɗi, su kuma sa Hausa. Sun amsa da godiya, da Turanci.