Na ba shi tauraro biyar, bayan kwana 90 na so in karɓe biyu

Wata bakwai muka yi muna neman ƙwararren ma'aikacin kwamfuta na dindindin. Mutum biyu kacal muka samu da suka iya aikin da gaske. Na farko ya ji albashin da za mu iya biya, ya yi murmushi ya ce zai kira mu, har yau shiru. Na biyu wata ɗaya ya yi da mu, wani kamfanin ƙasar waje ya ɗauke shi yana zaune a ɗakinsa. Ban ga laifinsa ba. Wanda ya iya wannan sana'a yanzu duniya ce kasuwarsa.

Mu darussa muke koyarwa ta intanet, rajista da biyan kuɗi duk a shafinmu ake yi. Shafin kuwa ya tsufa. A kan WordPress, manhajar gina shafukan intanet, aka gina shi, yana tafiya da harshen kwamfuta na PHP 7.4, wanda tun Nuwamba 2022 aka daina yi masa gyaran tsaro, ga nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Da na gaji sai na bi shawarar da kowa ke ba ni, na shiga wani dandalin 'yan jinga, wato firilansa, na ɗauki wani matashi da ban taɓa ganin fuskarsa ba. Muka raba aikin gida uku, na zuba kuɗin a asusun amana na dandalin, sai ya gama kashi ɗaya na duba sannan a sakar masa.

Gaskiya yaron ya iya aiki. Cikin kwana tara ya mayar da shafin kan PHP 8, ya cire ƙananan manhajoji 14 da ba ma amfani da su, ya tsara yadda kullum da dare za a riƙa adana kwafin bayananmu, ya sa mana takardar shaidar tsaro ta Let's Encrypt, wadda ke sa adireshin shafi ya fara da https. Abin da na biya bai kai albashin wata biyu na wanda ya gudu ba. Na ba shi tauraro biyar, na rubuta masa yabo har da cewa na daina neman ma'aikaci.

Ranar da muka buɗe rajistar sabon zango, ƙarfe bakwai na safe, mai kula da ɗalibai ta kira ni. "Yallaɓai, an yi mana kutse ne? Ɗalibai sun ce shafin ya ƙi buɗewa, wai ba amintacce ba ne." Na buɗe a wayata, ga gargaɗi ya cika fuskar, yana cewa wasu na iya satar bayanan katin banki. Ka yi tunanin ɗalibin da ya zo biyan kuɗi ya ga wannan. Kafin tara saƙonni sun yi mini yawa, har da wani uba da ya tambaye ni ko mu 'yan damfara ne.

Babu wanda ya yi kutse. Takardar Let's Encrypt kwana 90 take yi, kowa a harkar ya san haka, kuma akwai manhaja mai suna Certbot da ke sabunta ta da kanta idan saura kwana 30. Ya sa ta, amma ya haɗa ta da mabuɗin wani asusu nasa na kansa. Da ya gama da mu sai ya soke tsofaffin mabuɗansa, har da namu. Wata guda cur manhajar tana gwadawa tana faɗuwa, saƙon gazawar kuma imel ɗinsa yake tafiya. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne ƙwazon nasa: ya kunna wani tsari da ake kira HSTS, wanda ke hana burauza buɗe shafin idan takardar ta lalace, don haka ko ɗan maɓallin nan na "ci gaba duk da haka" bai fito wa tsofaffin ɗalibanmu ba.

Na tura masa saƙo. Shiru. A inda yake tsakar dare ne, awa bakwai ke tsakaninmu, abin da ban taɓa damuwa da shi ba lokacin da komai ke tafiya daidai. Na nemi masu kula da dandalin, suka ce an rufe kwangilar, an saki kuɗi, babu abin da ya rage a hannunsu. Na ce to in ɗauki wani ya gyara yanzu, sai na gane ko kalmar sirrin shiga sabar, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kai, ba ni da ita. Shafina, kuɗina, amma makullin yana aljihun mutumin da ke barci a wata nahiya. Ashe kayan aro ba ya rufe katara.

Ƙarfe biyu na rana ya farka. Minti ashirin ya gyara, ya ba da haƙuri, bai karɓi ko sisi ba, ya kuma miƙa mini duk kalmomin sirri tare da rubutaccen bayani na shafi uku. Raina ya yi sanyi, har na ce wa abokin aikina ai laifina ya fi yawa, tunda ban sa miƙa makullai cikin sharuɗɗan kashi na ƙarshe ba. Kuma haka ne. Amma da na zauna lissafin ɗaliban da ba su dawo ba, sai haushin ya dawo sabo. Ni ban san a tambaya ba, shi ya san a bayar. Wannan bayani na shafi uku me ya hana ya zo ranar da ya karɓi kuɗinsa? Ma'aikacin da ke zaune da mu, ko da rabin iyawarsa yake da ita, da ya ga saƙon gazawar tun makon farko, don shi zai sha kiran safiya.

Zan sake ɗaukarsa? Don aikin da ke da farko da ƙarshe, sosai ma, na riga na ba shi gyaran shafin biyan kuɗi. Amma wannan karon da asusun kamfani yake shiga, kuma kashin ƙarshe na kuɗin ba zai fita ba sai na gwada kowace kalmar sirri da hannuna. Tauraron nan biyar na nan, dandalin ya ce lokacin gyara sharhi ya wuce. Tallar neman ma'aikaci da na sauke, na mayar da ita jiya.