Injin matse man gyaɗa da aka juya mini zuwa na kirik a Garwa, ga yadda na same shi

Masu tambayata a WhatsApp ko ya dace su kai injinsu na hannu a mayar da shi haidrolik, wato mai aiki da kirik irin na ɗaga mota, amsata ita ce eh ku kai, amma ku san abin da za ku ce a yi muku, don ba duk mai walda ne ya fahimci aikin nan ba. Nawa wani sudur (mai walda) ne ya yi mini a wajen Rumde Ajiya, ba zan kama sunansa ba tunda akwai inda zan yaba akwai inda zan yi ƙorafi.

Injin da ma irin mai sukurun nan ne da ake murɗawa daga sama, mutum biyu su kama sandar ƙarfe suna juyawa har ƙirji ya yi ciwo, kuma duk da haka in ka taɓa tunkuzar sai ka ji mai a hannunka. Shi abin da ya yi, ya bar sukurun a inda yake, ya kawo kirik na babbar mota mai tan 20 ya zaunar da shi a ƙasa, to kirik ɗin ne yake tura kwandon da ake zuba ƙullin gyaɗa a ciki sama, sukurun kuma ya zama na cike gibi kawai. Da farko na so a ɗora kirik ɗin a sama kamar yadda nake gani a gareji, sai ya ce mini Hajiya abinci za ki matsa fa, ran da juwan, wato robar da ke tare mai a cikin kirik, ya ci, man kirik zai ɗiga cikin man da za ki sayar wa mutane. Wallahi wannan maganar kaɗai ta sa na yarda da shi. Kuma kirik irin na kwalba a tsaye yake aiki, in aka kifa shi ba tare da an gyara cikinsa ba iska yake ja, ba ya turawa.

Inda ya fi burge ni shi ne maganar kwando. Ni a tunanina tunda ƙarfi ya ƙaru sai a faɗaɗa kwandon a zuba ƙulli da yawa lokaci ɗaya, shi kuwa ya ƙi, ya ɗauko alli ya yi mini lissafi a jikin ƙofa. Kwando mai faɗin santimita 20, tan 20 ɗin nan in ya rabu a kansa kowane santimita murabba'i yana samun wajen kilo 64, amma in aka kai faɗin 30 sai ya faɗo wajen kilo 28, wato kirik ɗaya ne amma matsin bai kai rabi ba. Mutane suna ta neman kirik mai tan 30 ko 50 alhali kwandonsu ne ya yi faɗi da yawa. Gyaɗa kusan rabinta mai ne, abin da ke hana shi fita rashin matsi ne da gaggawa, sai ka buga kirik kaɗan ka tsaya man ya tsiyaye, ka sake bugawa, kuma ƙullin ya kasance da ɗuminsa. Yanzu yarinya ɗaya ce take bugawa da hannu ɗaya, ƙuli-ƙulin ma ya fi ƙarau don tunkuzar ta bushe sosai, kuma babu ruwanmu da kuran, ko an ɗauke wuta aiki yana tafiya.

Firam ɗin tsohon bai yarda ya bar shi ba, ya ce tan 20 zai lanƙwasa shi, ya sake shi da ƙarfen UPN mai kauri, wato mai siffar U, kwandon kuma inoks ne, ƙarfen da ba ya tsatsa. A nan kuɗin ya tafi gaskiya. Gaba ɗaya da kirik da ƙarfe da kuɗin hannu na biya jaka 85 na sefa, na ji zafin kuɗin a lokacin amma ban ga an cuce ni ba.

To ga ƙorafina. Resor (sifirin) guda biyun da ya sa don su dawo da kirik ƙasa in an buɗe bawul ba su da ƙarfi ko kaɗan, sai mun taka farantin da ƙafa kafin ya sauka, na koma ya canza su amma sai da na sayi sababbin da kuɗina. Bai sa agogon da ke nuna matsi ba, don haka da hannu kawai muke jin an kai iyaka, kuma kirik na kasuwa abin da aka rubuta a jikinsa ba lallai shi ne ƙarfinsa ba. Sannan alkawari, kai, jibi ta zama mako, mako ya zama wata, har lokacin sabuwar gyaɗa a kasuwar Pituwa ya kusa wuce ni injin yana wajensa.

Wani abu da bai gaya mini ba sai wani makanike maƙwabcinmu ne ya faɗa, kar a kuskura a zuba man birki a cikin kirik, yana cinye robar juwan, man haidrolik ake sawa, lamba 46 ko 68 tunda zafin Garwa a watan Maris da Afrilu yana haura digiri 40 mai sirara yake yi. Bawul ɗin ma a hankali ake buɗe shi, kuma kar yara su tsaya gaban kwando lokacin da ake matsawa. Ya kamata a ce mai aikin ne yake bayanin nan ranar da ka zo ɗauka.

Wanda zai kai nasa, ya tafi da kwandon da sukurun gaba ɗaya a auna a gabansa, ya sayi kirik ɗin da kansa, a yi maganar resor da agogo tun wajen ciniki, kuma kar ya biya cikon kuɗi sai an gwada da ƙullin gyaɗa na gaske a shagon.